Yaushe ya dace magidanci a Furana ya sayi na'urar ɗumama ɗaki?

Duk wanda ya taɓa kwana a Furana ko Hunkuyi ko Tashar Yari a watan Janairu ya san sanyin hunturu ba abin wasa ba ne. Da asuba ruwan randa kan sa hannu ya ƙage, yara su tashi da tari, tsofaffi su kwana suna juyi saboda ciwon gaɓoɓi. Maganin da aka gada kuwa sananne ne: a hura gawayi a kasko, a shigar da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma.

Wannan magani yana kisa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci ya zarce daga barci zuwa suma ba tare da ya farka ba. Ga kuma gobarar da kan tashi idan garwashi ya taɓa katifa ko gidan sauro.

Shi ya sa a 'yan shekarun nan, da sola ta fara yawaita a ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, masu ɗan hali suka fara tambaya game da na'urar da Turawa ke kira heat pump, wato famfon zafi. Tambayar da ta fi yawa ita ce: a saya yanzu, ko a jira?

Amsar a taƙaice ita ce, a wannan yanki bai kamata a sayi famfon zafi don sanyi kaɗai ba. Lokacinsa shi ne ranar da magidanci ya riga ya yanke shawarar sayen esi saboda zafin bazara, kuma ɗakinsa da wutarsa sun kai. A ranar sai ya zaɓi esin da ke iya yin aiki biyu. Kafin wannan rana, akwai abubuwan da suka fi shi sauƙi kuma suka fi shi gaggawa.

Mene ne famfon zafi?

Wanda ya taɓa sa hannu a bayan firiji ya ji ɗumi ya riga ya ga famfon zafi yana aiki. Firiji yana kwaso zafin da ke cikinsa ne ya zubar a waje, shi ya sa cikinsa ke yin sanyi. Haka esi yake: yana kwashe zafin ɗaki ya tura ta bututu zuwa injin da ke waje. Gas ɗin da ke zagayawa a bututun shi ne ɗan dakon zafin, kwamfuresa kuma ita ce ke matsa shi tana tura shi.

To, idan aka juya hanyar da gas ɗin ke bi, sai aikin ya juye. Injin waje ya kwaso zafi daga iskar tsakar gida, na ciki ya zuba shi a ɗaki. Ko iskar da mutum ke jin ta da sanyi tana ɗauke da zafin da na'ura za ta iya tatsa. Abin da ke juya hanyar wani ɗan bawul ne mai baki huɗu da ke cikin injin waje. Esin da ke da shi yana sanyayawa yana kuma ɗumamawa. Wanda ba shi da shi sanyi kawai ya iya.

Dabarar tsohuwa ce. Masanin kimiyya Lord Kelvin ya bayyana ta tun 1852, kuma ba a daɗe ba wani injiniya mai suna Peter von Rittinger ya yi amfani da ita wajen sarrafa gishiri a ƙasar Ostiriya.

Amfaninta yana wajen cin wuta. Hita ta lantarki, irin mai jan ƙarfe, idan ta ci yunit ɗaya na wuta, zafin yunit ɗaya take bayarwa, ba ƙari. Famfon zafi kuwa, da yake ɗauko zafin yake yi daga waje, yakan ba da zafin yunit uku zuwa huɗu da yunit ɗaya na wuta. Ɗakin da hita mai wat 1,500 za ta ɗumama, famfon zafi zai ɗumama shi da wat 500 ko ƙasa da haka.

Lissafin Turai daban, na Ikara daban

Yawancin abin da ake karantawa a intanet game da wannan na'ura an rubuta shi ne don mutanen ƙasashen ƙanƙara. A Nowe fiye da rabin gidaje suna da ita. A Ingila, tun Oktoban 2023 gwamnati ke ba da tallafin fam 7,500 ga wanda ya cire tukunyar gas ya sa famfon zafi. Cinikinta ya ƙaru a Turai bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas a 2022. Su can suna ɗumama gida kusan rabin shekara, dare da rana, don haka abin da na'urar ke rage musu na kuɗin makamashi yana taruwa har ya biya kuɗin sayenta.

A ƙasar Zazzau kuwa, sanyi mai cizo bai cika wuce daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu ba, kuma na dare da safiya ne. Ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 zuwa 15 da asuba, wani lokacin ƙasa da haka, amma da hantsi ya ɗaga sai gari ya saki. Na'urar da za ta yi aikin 'yan sa'o'i a dare na tsawon makonni takwas ko goma, sauran shekara tana rataye a bango, ba za ta taɓa mayar da kuɗinta ba. Babu kuma wani tallafin gwamnati da ke jiran mai saye.

Sai dai akwai inda yanayin nan ya yi wa mai saye rana. Kamfanoni kan auna ƙarfin ɗumamar waɗannan na'urori ne a lokacin da iskar waje take digiri 7. Iskar Furana a daren hunturu ta fi haka ɗumi, saboda haka na'urar ba ta wahala, kuma matsalar ƙanƙarar da ke daskarewa a injin waje a Turai babu ita a nan. Wato ƙaramin esi mai aiki biyu ya wadatar. Ba a buƙatar manyan injinan da ake haɗawa da bututun ruwa a ƙarƙashin daɓe, masu tsadar da ta kai ta mota.

Babban abin da ke sa a sayi esi a wannan yanki shi ne Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan doshi digiri 40. Idan har za a kashe wannan kuɗin, ƙarin da za a yi don samun mai ɗumamawa shi ne ainihin kuɗin famfon zafi. A kan wannan ƙarin ya kamata a yi lissafi.

Sharaɗi na farko: ɗakin ya iya riƙe zafi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin, da taga mai gilashin luba da ba ta rufuwa, da ƙofar da hannu ke shiga ta ƙarƙashinta, ba na'urar da za ta ɗumama shi. Iska mai ɗumi sama take tashi, kwano kuma ya miƙa ta ga sararin samaniya. Mai irin wannan ɗaki zai biya kuɗin wuta ne yana ɗumama unguwa.

Magabata sun fi fahimtar wannan. Ɗakin soro mai kaurin bango da rufin azara yana shan zafin rana a hankali, ya riƙa sakinsa cikin dare. Shi ya sa tsohon ɗakin ƙasa ya fi sabon ɗakin kwano daɗin kwana a hunturu da bazara duka.

Saboda haka kuɗin farko na silin ne, da gyaran taga, da toshe ƙarƙashin ƙofa, da labule mai kauri, da tabarma ko darduma a kan siminti. Wannan aiki bai kai kuɗin esi ba, ba ya cin wuta, ba ya lalacewa idan wuta ta yi ƙarfi, kuma yana rage zafin bazara kamar yadda yake rage sanyin hunturu. Gidaje da yawa idan suka yi shi, suka ƙara da bargo mai kyau, za su ga ba su da sauran buƙatar na'ura.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole a nan: ɗakin da aka toshe ko'ina ya fi kowane ɗaki haɗari idan aka shigar da garwashi. Ranar da aka gyara ɗaki, ranar kasko ya bar shi har abada.

Sharaɗi na biyu: wutar da za ta kai asuba

A nan ne yawancin masu sha'awa ke tsayawa. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da lantarki rukuni biyar, daga Band A da aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana har zuwa Band E mai sa'o'i 4. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Ko a wannan farashi mai tsada, bambancin a fili yake: hita mai wat 1,500 a sa'o'i shida za ta ci yunit 9, wato naira 2,025 a dare guda, famfon zafi kuma yunit 3, wato naira 675.

Amma wannan lissafi na mai wuta ne. Mutumin ƙauye da ke ƙarshen layi ya san wutar da ke zuwa da rana ta tafi da magariba, ko ta zo da rauni har fanka ta kasa juyawa. Ba a kuma manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Janareto kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, barin sa ya kwana yana aiki ya fi ƙarfin talaka. Hayaƙinsa ma irin na gawayi ne wajen kisa idan aka kusantar da shi ɗaki.

Saura sola, kuma a nan akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Zafin bazara da hasken rana tare suke zuwa, don haka faifan sola kan ciyar da esi kai tsaye da rana. Sanyin hunturu kuwa yana tsananta ne tsakanin tsakar dare da asuba, lokacin da babu rana, komai ya koma kan batir. Ga shi kuma a hunturun ne hazo ke rufe sama, ƙura ta kwanta a kan faifai, abin da suke tarawa ya ragu.

A ɗauki gidan da ke da batir biyu na ruwa, kowanne mai bolt 12 da 200Ah. A takarda suna ɗauke da yunit 4.8, amma rabi kawai ya kamata a sha idan ana son su yi ƙarko, wato yunit 2.4. Hita mai wat 1,500 za ta shanye wannan cikin kusan sa'a ɗaya da rabi. Famfon zafi mai jan wat 500 zai kai sa'o'i huɗu, idan ba a haɗa shi da firiji da talabijin ba. Wannan ya nuna abu biyu: hita ba abokiyar sola ba ce ko kaɗan, kuma famfon zafin ma ba zai kwana yana aiki a ƙaramar sola ba. Dabarar ita ce a kunna shi sa'a ɗaya kafin kwanciya, a saita agogonsa ya sake tashi kafin asuba. Wanda ke son ya kwana a kunne yana buƙatar batirin litiyom mai yunit 5 ko fiye, kuma kuɗin wannan batir na iya zarce na esin kansa.

Wanda bai warware maganar wuta ba, lokacin sayensa bai yi ba, ko da an ba shi na'urar a rabin farashi.

To, a wane wata?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi munin lokacin saye shi ne makon da sanyi ya kama ko makon da zafi ya tsananta. A lokacin mai saye a matse yake, abin da ya samu a shago shi zai ɗauka, masu haɗawa kuma aiki ya yi musu yawa, sai a yi haɗin gaggawa da zai bar gas yana yoyo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Amfanin gona ya shigo, akwai kuɗi a hannu, ba zafi ba sanyi, ana iya zagaya shagunan Sabon Garin Zariya ko na Kano a tsanake. Mafi muhimmanci, na'urar da aka kafa a Nuwamba za a gwada ɗumamarta a Disamba, a gwada sanyinta a Maris, duk a cikin wa'adin garanti. Wanda ya saya a Afrilu sai bayan wata takwas zai gane ko ɓangaren ɗumamar yana aiki.

Manomin rake a Makarfi da Kudan, ko na tumatir da barkono a Ikara, wanda kuɗinsa ke shigowa da rani, shi ma yana da hanya: ya yi silin da sola a shekarar farko, ya ajiye sayen na'urar zuwa kaka mai zuwa.

Akwai masu cewa a jira farashi ya sauko. Gaskiya ne kayan sola da batir sun yi ta sauƙi a kasuwar duniya. Amma waɗannan kaya da dala ake shigo da su ko kayan haɗa su, kuma dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Wanda ya jira a tsakanin nan ya ga abin da jira ya haifar. Jiran da ke da ma'ana shi ne na cika sharuɗɗan nan, domin su ne ke hannun magidanci.

Abin dubawa a shago

Yawancin esin da ake sayarwa a Najeriya na sanyi ne kawai, domin don shi aka shigo da su. Alamar rana a jikin rimot ba hujja ba ce, saboda kamfanoni kan yi rimot iri ɗaya wa samfura daban-daban. Hujja tana jikin takardar da aka liƙa a injin waje: idan mai aiki biyu ne, za a ga an rubuta ƙarfin sanyayawa da ƙarfin ɗumamawa, kowanne da lambarsa. Idan lamba ɗaya ce, sanyi kawai yake yi. Mafi kyau a sa mai haɗawa ya kunna ɗumamar, a ji iska mai zafi ta fito, kafin a cika masa kuɗin aiki.

A zaɓi esi mai inbata, wato wanda kwamfuresarsa ke rage gudu da ƙara gudu gwargwadon buƙata. Ba ya fizgar wuta da ƙarfi idan zai tashi, shi ya sa ya fi zama lafiya da sola. Ga ɗakin kwana madaidaici, mai ƙarfin doki ɗaya ya isa.

'Yan gwanjon da ake kawowa daga Turai da Asiya da yawansu suna da ɗumamawa, kuma suna da araha. Sai dai araha ba ta ado. Wasu na Japan an ƙera su ne don wutar bolt 100, ta Najeriya kuwa 230 ce. Wasu kuma suna amfani da tsohon gas na R22 da duniya ke daina amfani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal. Sababbi suna zuwa da R32 ko R410A. A kuma tambaya tun kafin saye: idan allon lantarkinsa ya ƙone, akwai mai gyara a Zariya, ko sai an kai Kano?

Bayan kafawa, ƙura ce babbar abokiyar gaba. A hunturu ana buƙatar wanke ragar tace iska duk mako biyu, a kuma share injin waje. Kada a saita shi a digiri 30. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2018 kan gidaje da lafiya, ta ambaci digiri 18 a matsayin mafi ƙarancin ɗumin da ya dace a cikin ɗaki a lokacin sanyi. Digiri 20 zuwa 22 ya wadatar. Fiye da haka ɓarnar batir ce, kuma yana ƙara busar da iskar da dama a bushe take, har leɓe da hanci su tsage.

Waɗanda bai kamata su jira ba

Akwai gidajen da lissafin riba da asara bai shafe su ba. Sanyi yana tayar da ciwon masu sikila. Yana wahalar da masu asma, waɗanda hayaƙin itace da gawayi ke ƙara wa ciwo. Jarirai sabbin haihuwa, musamman bakwaini, suna saurin rasa ɗumin jiki, haka ma tsofaffi. Gidan da ke da irin waɗannan, idan da hali, ya fara da ɗaki ɗaya: silin, batir, ƙaramin esi mai aiki biyu, kafin Disamba. 'Yan'uwan da ke Kaduna ko Abuja masu aika wa iyaye kuɗi duk wata za su iya haɗa hannu a kan wannan.

Haka nan ɗakunan haihuwa na ƙananan asibitoci. Inda aka riga aka sa sola, kuma za a sayi esi, babu dalilin da zai sa ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari ta sayi mai sanyi kawai, alhali ana haihuwa da asubar Janairu kamar yadda ake yi da tsakar ranar Afrilu.

Ga sauran jama'a kuwa, a yawancin gidaje abin da hunturu ya fi ci shi ne itacen dafa ruwan wanka. Wanda wannan ce damuwarsa, tankin dafa ruwa da hasken rana, irin wanda ake ɗorawa a kan rufi, ya fi masa amfani, tunda ba ya buƙatar batir ko layin lantarki.

Tsarin dai a jere yake: a fitar da kasko daga ɗakin kwana a daren yau, a yi silin a toshe kafofi bana, a tsayar da wuta idan hali ya yi. Ranar da aka shiga shago sayen esi bayan wannan, a juya injin waje a karanta takardarsa, a tabbatar lambobin biyu ne.